Fim ɗin da ya iso garinku a memori: ku faɗi naku

Malamin firamare, yankin Gumel:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Garinmu babu wuta tun da iskar farkon damina ta kayar da falwaya, sabis kuma sai ka hau tudun bayan makaranta. Saboda haka fim mai dogon zango da mutanen birni suka kalla a YouTube ranar da aka sake shi, mu sai ranar Alhamis yake iso mana. Ƙanena ne ke zuwa kasuwar Maigatari da memori huɗu ko biyar, kowanne a naɗe cikin takarda da sunan mai shi, ya dawo da su bayan magariba.

Alhamis ɗin da ta wuce mun kai mu ashirin a rumfar mai shayi, waya ɗaya jingine da gwangwanin madara. Kashin da muka kalla na rikicin gado ne, baffa ya sayar da gonar marayu ya rantse cewa bashi ya biya wa ubansu da kuɗin. Ana kaiwa wajen rantsuwar sai wani dattijonmu ya miƙe, ya karkaɗe buzunsa ya tafi bai ce uffan ba. Duk wanda ke wurin ya san dalili, don shi ma haka aka yi masa yana yaro. Ban taɓa jin rumfar ta yi tsit irin na daren nan ba. Shi ya sa nake tambaya, ku a garuruwanku me kuka kalla kwanan nan, ta yaya ya iso muku, kuma ya taɓa ku ko bai taɓa ba?

Mai shagon caji da turi, Dambatta:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ne irin mutumin da ƙaninka ke zuwa wurinsa. Ranar Lahadi da kasuwarmu ke ci, tun hantsi nake kan kwamfuta har la'asar ta yi sakaliya. Matan aure ba sa zuwa da kansu, yara suke aikowa da 'yar takarda, wata ma ta rubuta da ajami: kashi na kaza zuwa na kaza, in akwai sauran wuri a cika da Indiya Hausa. Daga takardun nan kaɗai nake gane fim ɗin da ya shiga ran mutane da wanda ya fara gundurar su. In aka daina rubuta sunan fim mako biyu a jere, to ya mutu a ƙauye, ko da kuwa ana ta tallarsa a Facebook.

Da tsakar dare nake saukewa, lokacin da sabis ya fi ƙarfi. Tun farkon 2025 da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kira da data, aikin ya ƙara nauyi, amma kunyar ƙara wa mutanen ƙauye kuɗi nake ji. Akwai kuma abin da ke damuna a rai. Mai fim a YouTube da yawan kallo da tallar da ake sakawa yake samun kuɗinsa. Ni na sauke sau ɗaya, an ƙirga masa mutum ɗaya, alhali gari guda ya kalla, don wanda na tura wa shi ma zai tura wa goma ta Xender. Gumin mutum ne. Na sha tunanin wannan ina kan sallaya.

Tsohon mai gidan kallo, Wudil:
Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi gaskiya a kan sana'arka. Ni na riski majigi ina ƙarami, mota ta zo a ɗaura farin ƙyalle a ƙofar fada, gari ya fito kwansa da kwarkwatarsa. Na kuma ga farkon wannan harka ta kaset, tun bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Daga Ƙofar Wambai nake saro kaset, in ɗauro kwali a bayan mashin. Wanda bai da bidiyo ya zo gidan kallona, mai bidiyo ya karɓi haya ya dawo da shi gobe. In hoto ya fara ruwa-ruwa sai in buɗe akwatin in goge kan da farar takarda, jama'a suna ta ihu a yi sauri.

Abin da na fi kewa shi ne fim mai ƙarewa. Na ɗaya da na biyu, iyaka na uku, azzalumi ya ga sakayya, kowa ya tafi gida ya kwanta da zuciya ɗaya. Jikana ya kunna min wani na yanzu a waya, na bi shi wata biyu cur, har yau ba a ɗaura auren da aka sa rana tun kashi na biyar ba. Kowane kashi rabinsa mota ce ke shiga gida mai ƙofar ƙarfe, rabinsa mutum biyu a falo suna maimaita abin da muka riga muka gani. Na ajiye. Gidan kallon kuwa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba na tada inji sai ranar babban wasan ƙwallo. Marigayi Rabilu Musa Ibro, mutuminmu na nan Wudil, ya rasu a Disambar 2014, Allah ya jiƙansa. Da kaset ɗinsa ɗaya nake cika benci goma.

Mai ɗinkin hula, wani ƙauye a Ringim:
Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina tare da kai a kan jan labari, amma abin da ya fi ci min rai daban ne. Mu huɗu muke zama a tsakar gida bayan azahar, kowa da hularta da allura, wayar a kan murfin kwano. Makon jiya aka nuna mana wai 'yar ƙauye tana daka. Malam, ka zo ka ga riƙon taɓarya! Ta riƙe ta can sama da hannu biyu kamar mai tsoron ta cije ta, tana dangwala ta a turmi, ga farce zaƙo-zaƙo, ga jan baki. Turmin ma babu tsaba a ciki, ƙarar da yake yi kaɗai ta tona asiri, don wadda ta taɓa surfe ta san kukan turmin da ke da hatsi da na wanda yake wayam. Uwargidanmu ta ajiye ɗinkinta ta ce a mayar baya ta sake gani, ta gani, ta ce a kashe.

Kuma kullum haka ne. In za a nuna 'yar ƙauye, sai a yi mata ɗige-ɗigen kwalli har kumatu, a sa ta tana tsoron firji, tana durƙusa wa talabijin. In za ta zama mutum sai wani mai kuɗi ya ɗauke ta ya kai ta birni. Mu da muke sayen fim ɗin nan da kuɗin hularmu, mu ne abin dariyar cikinsa. Ƙanwata ta yi karatun ungozoma, a nan ƙauyen take karɓar haihuwa da fitilar waya in dare ya yi. Wa ya taɓa nuna irinta?

Ba duka na kushe ba. Lokacin da yayana ya haɗa sola da tauraron ɗan Adam, mukan je gidansa kallon Daɗin Kowa a tashar Arewa24. Abin da ya sa muka riƙe shi, gidajen ciki irin namu ne, da zaure da tabarma da randa, rigimar ciki ma irin tamu ce.

Manomin rani, Kadawa:
Yaya, kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Na ga wani an ce wai sun fita shuka, ga gero a bayansu ya fitar da kai har ya yi bununi. Jarumin kuma da farar shadda yana kaftar ƙasa da fartanya. Da sun tambayi yaro ɗan shekara goma a garin da suka je ɗaukar hoton, da ya gyara musu.

In labari suke nema, su zo Kadawa. A 2016 tsutsar da muke kira sharon ta cinye tumatir cikin 'yan kwanaki, mutum ya ci bashin taki da iri, ya sa ranar 'yarsa da lissafin kwandunan da zai ɗiba, ya wayi gari gona ta ƙone ƙurmus kamar an bi ta da wuta. Na san wanda ya sayar da shanun huɗarsa don kada a ɗaga bikin. Ga rigimar layin ruwa daga Tiga, wa zai sha yau wa zai sha gobe. Wannan bai isa zango uku ba?

Ɗan acaɓa, Kazaure:
Ni dai ku yi haƙuri iyayena, na koma Indiya Hausa. Awa biyu da rabi an gama, bos ya sha kashi, na kwanta. Fassarar ma wani lokaci ta fi ta fim ɗinmu armashin Hausa, karin magana kan karin magana. Kuma su in za su nuna manomi, jarumin ne da kansa manomin, shi ke tsaya wa garinsu a gaban mai kuɗin da ke son ƙwace musu fili. Wanda na kalla shekaranjiya ke nan, sau biyu na maimaita shi.

Mai ɗinkin hula, wani ƙauye a Ringim:
Ƙanena, ka kalli abinka, amma ina da kuka a wajen masu turi. Na aiki ɗana da memori, ya dawo an cike min sauran wurin da raye-rayen da ban nema ba, kuma shi ya fara buɗewa a hanya. Waya ɗaya ce a gidan, kowa da ita yake kallo.

Mai shagon caji da turi, Dambatta:
Hajiya kina da gaskiya, ana yi, kuma ba daidai ba ne. Ni in yaro ne ya kawo, abin da ke takarda kawai nake sawa. Hukumar tace fina-finai ta Kano tana nan tun 2001, a watan Mayun 2025 ma ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango kan batun kai su a tace kafin a saki, amma idonta ba zai kai cikin kowace kwamfuta a kowace kasuwar ƙauye ba. Ki sa maigida ya je da kansa sau ɗaya ya ja wa mai shagon kunne, in bai ji ba ku sauya shago.

Malamin firamare, yankin Gumel:
Na gode muku duka, na karanta wa mutanen rumfa abin da kuka rubuta, maganar turmi ta fi komai tada musu, don matan gidanmu ma sun faɗi haka. Jiya Alhamis memori ya iso. Dattijon nan da na ba ku labari shi ya riga kowa zuwa, ya shimfiɗa buzunsa dab da wayar. An kai ƙara gaban alƙali, an kira shaidu, babban marayan ya miƙe zai yi magana sai kashin ya ƙare. Ya daɗe yana kallon wayar bayan ta yi duhu, sannan ya zaro naira ɗari biyu daga aljihun 'yar shararsa ya miƙa wa ƙanena, ya ce mako mai zuwa a fara turo wannan kafin na kowa.