Kayan zuwa aiki masu alamar tsarkaka, wa ya taɓa ɗinkawa?

Rifkatu: Salama gare ku iyaye da yayye. An mayar da ni teburin karɓar baƙi a wurin aiki, kuma oga ya ce shiga ta mutunci yake so. Ina son in ɗinka kala huɗu ko biyar, kowace ta riƙa tuna mini da labarin wata waliyyiya, amma ba na son in shiga ofis kamar mai zuwa taron Zumunta. Da Waliyyiya Lusiya nake son farawa tunda sunanta aka ba ni a baftisma, ga ranar tunawa da ita, 13 ga Disamba, ta matso. Wane yadi, wane ɗinki?

Asabe: Fari da ja, an gama. Doguwar riga fara, jan ɗamara a ƙugu, haka ake zana ta.

Ladi: Fari a Disamba? A cikin wannan ƙura? Kafin ki sauka daga adaidaita ta koma ruwan ƙasa.

Asabe: To ita Lusiyar ce ta zaɓi hunturu?

Danladi: Kada dai ki manta da faranti mai idanu biyu da ake zana ta riƙe da shi, ki ajiye a teburin baƙi. Ba mai sake zuwa neman oga.

Rifkatu: Yaya Danladi don Allah ka bari.

Ladi: Maganar gaskiya, ki nemi ruwan madara ko ruwan ƙwai mai haske, yana ɓoye ƙura. Jan kuma ki bar shi a ɗankwali da siririn bel. Ki jiƙa jan shi kaɗai kafin a ɗinka, in ya zuba ki san da abin da kika sayo. Kada ki yarda tela ya haɗa jan yadi a jikin fara, ranar wanki za ki yi kuka.

Maman Bulus: 'Yata Rifkatu, ki saurare ni da kyau kafin ki kai kuɗinki wurin kowa. Duk abin da za ki ɗinka, ki guji atamfa mai hoton fuska. Shekarun baya ƙungiyarmu ta fitar da anko na Waliyyiya Rita, hotonta a cikin da'ira, fure kewaye da ita, atamfa mai kyau da nauyi. Bayan biki sai na ce ragowar turmin bari a yi mini riga da siket na zuwa aiki. Na kai wa tela, na nuna masa hoton da yatsana, na ce wannan ya zauna a ƙirji. Ya ce Mama kada ki damu. Ashe yaron shagonsa ya bar wa yankan. Da dare aka kawo kayan, babu wuta, da safe na saka a gurguje na fita. Ina shiga ofis wata abokiyar aiki, Hajiya ce ma, ta jawo ni gefe ta ce, Maman Bulus, wannan baiwar Allah da ke bayanki, a kanta za ki zauna? Na shiga banɗaki na juya. Fuskar waliyyiya ce cif a mazaunai, zif ya raba ta biyu, ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wani rabin kan kuma yana ƙarƙashin hammata. Ranar a tsaye na yi aiki, gyale ɗaure a ƙugu kamar mai shirin daka, duk wanda ya ce in zauna sai in ce bayana ke ciwo. Da na koma wurin telan cewa ya yi yadin ne bai kai ba. Na ce da bai kai ba me ya hana ka kira ni? Har yau siket ɗin na ƙasan akwati, ban iya sakawa, ban iya yin tsumma da shi, ban iya bayarwa. Shi ya sa nake cewa ki ɗauki launi da alama, ki bar hoto a bango. Ita Rita, labarinta shi ne tana kwance ba lafiya a gidan sistoci na Kashiya a Italiya, cikin tsananin sanyi, ta roƙi wata 'yar'uwarta ta tsinko mata furen wardi a lambun gidansu, aka je aka tarar da shi ya buɗe. To atamfa mai jan fure a kan baƙi ko ruwan toka ta cika kasuwa. Ki saka ranar tunawa da ita, 22 ga Mayu, ke kin san abin da kike nufi, baƙon da ya zo teburinki atamfa kawai zai gani.

Talatu: Wayyo Mama, na yi dariya har yaro ya farka. Ki yafe ni.

Danladi: Telan nan yana buƙatar ikirari.

Istifanus Tela: Ku dai kullum tela. Mama, ranki ya daɗe, ba ina kare shi ba ne, amma atamfa mai da'ira tana cin yadi. In ana son hoto ya zauna daidai a gaba, dole a zubar da na gefe, yadi shida ba zai yi riga da siket da ɗankwali ba. Ko a ƙaro falle ɗaya, ko a yi bubu wanda ba a yanka shi da yawa. Kuma ki sa a zana da alli a gabanki kafin almakashi ya taɓa.

Maman Bulus: Ɗana, da ya faɗa mini haka da ban ƙaro ba?

Istifanus Tela: Gaskiyarki Mama.

Hannatu: Ni Elizabet ta Hangari nake so. 'Yar sarki ce, ta ɓoye burodi a mayafinta za ta kai wa matalauta, aka tare ta aka ce ta buɗe, sai ga furanni. Tana da shekara 24 ta rasu, a 1231. Na sa an yi mini surfani na ƙananan furanni a bakin gyale kawai, rigar kuma shuɗiya ba ado. A makarantar da nake koyarwa har an tambaye ni inda na saya.

Asabe: Na hannu ko na inji?

Hannatu: Na inji Anti, na hannu ya fi ƙarfin albashina.

Laraba: Ku yi haƙuri, ni 'yar ECWA ce aure ya kawo ni cikinku, amma burodi ya zama fure, a wace sura yake?

Ladi: An fara.

Baba Katikis: 'Yata Laraba, tambayarki daidai ce. Ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, kuma Ikilisiya ba ta ce dole ki gaskata shi kafin ki sami ceto ba. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne ta gina asibiti a Marbug ta yi jinyar marasa lafiya da hannunta. Labarin furen na baka ne, har ana ba da irinsa a kan wata Elizabet ɗin ta Fotugal. In kuna son wanda aka rubuta tun zamaninsa, ku duba Fafetuwa da Felisita, a Kartaj, ƙasar Tunisiya ta yau, shekara ta 203. Da saniya ta kayar da Fafetuwa a filin wasa, rigarta ta yage, sai ta jawo ta ta rufe cinyarta, ta kuma nemi abin ɗaure gashi, don kada a ga kanta a barbaje a ce makoki take yi. Ranarsu 7 ga Maris.

Laraba: Wannan kam ya shige ni. Na gode Baba.

Talatu: To ashe ɗaurin ɗankwali mai kyau ma ya isa. Ni da nawa ke zamewa kafin ƙarfe goma, sai na nemi fil.

Bitrus: Mu maza fa? Ko tsarkaka duk mata ne?

Danladi: Martin na Tur. Soja ne, ya raba alkyabbarsa biyu da takobi a ƙofar garin Amiyan ya ba almajiri rabi. Ka je aiki da rabin babbar riga.

Bitrus: Da jar alkyabba ake zana shi, na yi tunanin farar shadda da jar hula.

Danladi: A Kano kake aiki fa. Ka saka jar hula ka ce Waliyyi Martin kake nufi, mu ga wanda zai yarda. Kafin azahar an ba ka katin jam'iyya.

Asabe: Hahaha Kwankwasiyya reshen coci.

Bitrus: To na fasa.

Ladi: Koren kaftani ranar 17 ga Maris, Waliyyi Fatrik, shi ne majiɓincin Najeriya. Kore mai duhu, aikin wuya da zare kalar yadin. Mijina banki yake, sai Juma'a suke saka na gida, sauran ranaku koren nakatayi yake ɗaurawa.

Bitrus: Wannan ya yi. Shadda ko yadi?

Istifanus Tela: Yadi. Koriyar shadda mai araha wanki biyu take koɗewa a kafaɗa, in kuma aka kai ta bugu sai ta yi ƙyalli kamar ta ango. Ruwan ƙasa ma yana yi wa maza kyau, na Faransis na Asisi, 4 ga Oktoba. Amma ban da igiya a ƙugu, wannan ta masu alkawari ce.

Sista M.: Na gode da ka faɗi wannan. Ina roƙonku, launi ba laifi, amma kada ɗinki ya yi kama da rigar 'yan zuhudu. Fari mai layi uku shuɗi a baki na sistocin Mama Teresa ne, mutane na ganinsa su gane. In kika haɗa ruwan toka har ƙasa da farin mayafi da gicciye babba, za a riƙa ce miki Sista a hanya, wani ya kawo miki damuwarsa ko ya ba ki sadaka, ke kuma ba ki da bakin amsawa.

Danladi: Sadakar dai ba matsala.

Sista M.: Danladi, zan gaya wa mahaifiyarka.

Hannatu: Ba wanda ya ambaci Bakhita, ita da take tamu. A Darfur aka haife ta, aka sace ta tana yarinya aka sayar, ta rasu a Italiya 8 ga Fabrairu 1947, Paparoma Yohanna Bulus na biyu ya sa ta cikin tsarkaka a 2000. Ni ƙaramar lambarta nake sakawa a siririyar sarƙa, cikin riga.

Talatu: Cikin riga ya fi, musamman mai hulɗa da jama'a iri-iri. Ni a asibiti nake, yunifom ne, sarƙa mai lilo ma ba a bari. Agogo da ɗan kunne ne kawai nawa.

Laraba: Wai a ina ake samun atamfa mai ƙananan furanni? Duk wadda na gani a kasuwar Taminus ta Jos furen ya kai faranti.

Asabe: Kantin Kwari, in kina da mai zuwa Kano. Bitrus ga aiki ya same ka.

Bitrus: Ni ban san atamfa ba, kada in sayo a ce roba ce.

Ladi: Ka murza bakinta a hannu, ka duba bayanta. In bayan ya yi fari fat, ajiye musu.

Rifkatu: To ni yanzu riga da siket zan yi ko doguwar riga?

Istifanus Tela: Kafin in manta, mu ma teloli muna da namu waliyyin, Homobonus na Kiremona, mai sayar da yadi ne, 13 ga Nuwamba. An san shi da gaskiya a ciniki.

Maman Bulus: Shi yana cika alkawarin ranar karɓar ɗinki?

Istifanus Tela: Mama, zamaninsu babu ɗauke wuta.

Asabe: Istifanus, leshina fa? Tun kafin Ista yake shagonka.

Istifanus Tela: Anti ki zo Asabar.

Asabe: Wace Asabar ɗin?