Me ya sa mata baƙar fata ke shan wahala kafin su zama fastoci a cocin Baftis na Amurka?

Mai tambaya:
Jama'a, mata ne suka fi cika majami'un Baftis na baƙar fata a Amurka, su ne kuma ke riƙe da makarantar Lahadi da ƙungiyar mawaƙa, amma da wuya a ga mace tana shugabantar ikkilisiya. Mene ne dalili?

Malama Rifkatu:
Ɗan'uwa, tushen matsalar tsarin Baftis ne, domin kowace ikkilisiya ce ke zaɓen fastonta da kanta, babu bishop da zai tura mata shi. Sai mace ta kammala karatun tauhidi, a naɗa ta, amma kwamitin neman fasto ya ƙi duba takardunta. A wasu majami'un ma, idan an gayyace ta wa'azi, a ƙasa ake tsayar da ita, ba a bari ta hau mumbari, kuma wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Dattijo Bulus:
Masu hanawa suna kafa hujja da 1 Timoti 2:12, ayar Littafi Mai Tsarki da ta ce kada mace ta koyar da namiji ko ta yi iko da shi. A shekarar 2000 ƙungiyar Baftis ta Southern Baptist Convention da ke ƙasar Amurka ta rubuta cewa maza kaɗai ke iya zama fasto, a 2023 kuma ta kori cocin Saddleback da ke jihar California saboda naɗa mata a matsayin fastoci.

Malama Rifkatu:
Gaskiya ne, Baba, sai dai mace baƙar fata tana fama da wariyar launi ƙari a kan wannan. Waɗanda suka tsallake, kamar Gina Stewart da aka zaɓa fasto a wani coci a birnin Memphis a 1995, har yanzu tsiraru ne.