Tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u da yadda za a rera waƙoƙinta a taron tunawa

Uwar Ɗalibai:
Assalamu alaikum. Islamiyyar matan aure ta unguwarmu tana shirya taron tunawa da Nana Asma'u 'yar Shehu, Allah Ya jiƙanta. Ba jawabin yabo kaɗai ake so ba, ana so ɗalibai su ga yadda ta tafiyar da aikinta. Malamai, yaya ainihin tsarin 'Yan Taru yake? Kuma waɗanne waƙoƙinta suka dace, me za a kiyaye wajen kwafo su?

Basakkwace:
Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba da lada. Ga kashin tarihin tukuna: an haife ta a Degel a 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Mijinta Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta rasu a 1864, kabarinta yana Hubbare kusa da na mahaifinta.

Matsalar da ta tarar ita ce matan karkara ba su da hanyar zuwa wurin malami, ga aure ga raino. Sai ta zaɓi dattijuwa mai amana daga gari, ta naɗa ta jaji. Naɗin kuwa a zahiri ake yi: a ɗora mata malfa, a ɗaure da jan ƙyalle. Malfar nan tana da ma'ana, don Innar Gobir, shugabar 'yan bori, da ita aka san ta. Mata sun riga sun san wadda ta sa malfa shugaba ce, sai Nana ta mayar da alamar ta zama ta ilimi.

Jaji ce ke jagorantar ayarin mata, wato 'Yan Taru, a ƙafa zuwa wurin Nana. 'Yan ayarin iri biyu ne: 'yan matan da ba su isa aure ba, da manyan matan da suka wuce haihuwa. Masu goyo da masu aure suna gida, a komo musu da karatun har cikin ɗaki. Suna tafe da sadaka, hatsi da zuma da man shanu da tufa, ita kuma ta rarraba wa mabukata. In sun koma, aikinsu ya wuce koyarwa: jinyar maras lafiya, wankan gawar mace, sasanta masu saɓani. Bayan rasuwar Nana ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon aikin.

Kuskuren da ake yi a irin wannan taro shi ne a sa wa ƙaramar yarinya malfa don ta yi kyau a hoto. Jaji babbar mace ce. A ba dattijuwar ajin.

Malamar Adabi:
'Yar'uwa, ga batun waƙa. Ayyukanta da suka iso gare mu sun haura 60, cikin Fulatanci da Hausa da Larabci. Na Hausar su ne aka fi yi wa talakawa da mata, su za ki nema.

Sunago ta fi sauƙin farawa, domin ta jera sunayen surori 114 na Alƙur'ani a baitoci kimanin 30. Raba su uku, kowace ƙungiya ta ɗauki goma, a ƙara baiti biyu kullum, mako guda ya wadatar. Sai Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta ambaci salihan mata tun daga iyalan Manzon Allah (SAW) har zuwa na zamaninta. Ita ce ta fi taɓa zuciyar mata, a ganina.

A kula da jingina waƙa ga mai ita. Tabbat Haƙiƙa Shehu ne ya yi ta da Fulatanci, Nana ta mayar da ita Hausa, ƙanenta Isa ya yi wa waƙar tahamisi, wato ya ƙara ɗango har kowane baiti ya zama mai ɗango biyar. Waƙar Gewaye kuwa Nana ce ta yi ta da Fulatanci, Isa ya fassara. In za a rubuta a takardar taro, a rubuta haka.

Abu na biyu, kada a "gyara" Hausar. Sakkwatanci ne na da. Wanda ya canza kalma zuwa Kananci ya ƙara gaɓa ko ya rage, sai kari ya karye, mai rerawa ta riƙa tuntuɓe a tsakiyar baiti. In kalma ta yi wuya, a bar ta yadda take, a yi bayaninta a gefe. Kuma a nemi tsohuwar da ta gaji rerawar ta fara yi, a naɗi muryarta a waya, ɗalibai su bi. Takardar boko ba ta nuna inda ake jan wasali.

Almajirin Ajami:
Malama, in kwafin ajami ya zo hannunku, rubutun Magaribi ne irin na allo. Fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Gabas zai karanta ƙaf a matsayin fa. Wasalin "e" kuma ɗigo ne mai kauri a ƙarƙashin harafi, masu kwafa sukan ɗauka tawada ce ta ɗiga su tsallake shi.

Shekarar waƙa galibi tana cikin baitocin ƙarshe, a ramzi, wato kalmar da in aka haɗa lambobin haruffanta za a sami shekarar hijira. Lissafin ma na Magaribi ne, inda shin take 1000. A na Gabas shin 300 ce. Ɗauki kalmar "nabshiru": nun 50, ba 2, shin 1000, ra 200, jimla 1252. Da lissafin Gabas 552 za ki samu, kin sauka daga hanya da shekara 700. Don mayarwa miladiyya, ninka da 0.97 ki ƙara 622, zai ba ki 1836. Da yake shekarar hijira takan shiga cikin shekarun miladiyya biyu, a rubuta 1836/37. Abin da ya sa kenan wasu ke rubuta rasuwarta 1863, wasu 1864, alhali duk 1280 suke nufi.

Uwar Ɗalibai:
Allah Ya saka da alheri, malamai. Za a fara da Sunago. Malam Basakkwace, sadakar fa, a haɗa ta cikin taron?

Basakkwace:
A haɗa, Malama. Kowace ɗaliba ta zo da mudun hatsi ko sabulu, a tara a gaban jaji. Amma a rubuta gidajen da za a kai wa tun kafin ranar, a kai bayan magariba ba tare da kiran suna a lasifika ba.