Musayar waƙa: Kerala a allon sinima

Ɗan Fagge:
Sallama, ma'abota baiti da rerawa,
Fim ɗin Hindi mun sani, da waƙa da rausayawa,
Amma Kerala, can kudancin Indiya, nasu daban yake fitowa,
Da harshen Malayalam, talakansu suke nunawa.
Chemmeen na 1965, masunta ne da kifin kamawa,
Ya ci lambar zinare ta ƙasa, kowa yana yabawa.

'Yar Damagaram:
Yaya, kafin yabo akwai wadda aka manta,
P. K. Rosy, a fim ɗinsu na farko aka sa ta,
'Yar Dalit ce, manyan gari na ƙyamar taɓa ta,
Ta fito a 'yar gidan Nair, jinsin manya, wai shi ne laifinta.
Suka jefi allo da duwatsu, suka ƙone bukkarta,
Ta tsere Tamil Nadu, ba ta ƙara fim ba a rayuwarta.

Baba Na-Tudu:
'Yata, kin sosa mini inda ke ciwo a zuciya,
Fim ɗin Neelakuyil a 1954 ya tono wannan wariya.
Ni kuwa ci-raninsu ne ya hana ni dariya:
Mazansu sun cika Dubai, sun cika Saudiyya.
A fim ɗin Pathemari mutum ya tsufa yana aiko dukiya,
Ya rufa wa dangi asiri, can ya cika da wuya.
Ƙanena na gani, wanda ya daɗe a Libiya.

Ɗan Fagge:
Baba, har ɗan ƙasarmu sun sa a labari,
Sudani from Nigeria, 2018, ɗan ƙwallo mai sauri,
Ya ji rauni a Malappuram, baƙo ne a gari,
Tsofaffi mata biyu suka yi jinyarsa da alheri.

'Yar Damagaram:
Na yarda, Yaya, amma ka leƙa madafa tukuna,
The Great Indian Kitchen, 2021, amarya ya nuna:
Miji ya ci ya watsar, ita ke kwashe kwanukan nan,
Bututu na yoyo, ƙazamin ruwa na ɗiga kullum rana.
Masu yin fim ɗin ma ba su tsira ba, ku tuna,
Rahoton kwamitin bincike na Hema, Agustan 2024, ya bayyana
Yadda ake lalata da 'yan wasa mata, a yi shiru da magana.
Shugabannin AMMA, ƙungiyar 'yan wasan, suka sauka, har da jarumi Mohanlal mai suna.

Baba Na-Tudu:
To 'yata, Rosy fa, an taɓa neman gafararta?
Ku gaya mini, ni dai ina nan ina juya zancenta.