Neman shawara: kumburi a ƙashin kai, likita yana son ƙarin hoto

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 3 ke nan ina da wani kumburi mai tauri a saman goshina, ba ya ciwo sai idan na kwanta a kansa. Na daɗe ina zaton buguwar da na yi ina yarinya ce, mahaifiyata ma haka ta ce, shi ya sa na ƙyale shi har sai da mijina ya matsa. Hoton CT ya nuna alamar hemanjiyoma, wato ƙari na jijiyoyin jini a cikin ƙashi wanda ba na daji ba ne. Yanzu likita yana son a yi wani hoton, wato MRI, da allura, hankalina ya tashi. Hoto ɗaya bai isa ba ne?

Amsa ta 1: 'Yar'uwa, ki yi shi kawai. CT ƙashi yake nunawa, kuma irin wannan ƙari yakan fito kamar saƙar zuma ko hasken rana da ya bazu, yana tura bangon ƙashi na waje, na ciki kuwa galibi yana nan lafiya. MRI da allurar gadoliniyom (ruwan da ake sa wa a jijiya don hoton ya fito sarai) shi zai nuna ko ya taɓa fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya kuma taimaka wajen bambanta shi da meninjiyoma (ƙarin da ke fitowa daga wannan fatar) ko dajin da ya yaɗu daga wani wuri. Idan kina da ciki ko ciwon ƙoda, ki faɗa kafin allurar.

Amsa ta 2: Ni hoto uku aka yi mini a wani asibiti kan ciwon baya, ba wanda ya zauna ya yi mini bayani, har yau abin yana ci mini rai. Ki ce su tsakuro naman da allura su gwada.

Amsa ta 1: Sam, wannan kuskure ne. Ƙari ne cike da jini, huda shi yana iya jawo zubar jini, kuma sau da yawa ba a samun amsa. Ko dai a sa masa ido, ko a cire shi gaba ɗaya sannan a gwada.

Amsa ta 3: Ya ƙara girma ne kwanan nan? Kina ciwon kai?

Mai tambaya: Na gode, amma kada a ɗauka sakaci ne ya sa na jinkirta. Abin da ba ya ciwo, wa zai kai shi asibiti? Kuma rahoton da kansa ya ce ba daji ba ne, don haka har yanzu ban gamsu da maganar allurar MRI ɗin nan ba.