Bin sawu ko ankararwa? Ku taya ni raɗa wa wannan manhaja suna

1/ Jama'a, aikin fassara aka kawo min daga Samaru, 'yar takardar wayar da kai a kan annoba, sai na ci karo da "contact tracing app". Yau kwana uku ina jujjuya ta. Abin da ake nufi dai manhajar waya ce mai gano waɗanda suka yi cuɗanya da mai cuta mai yaɗuwa. Bayanin ba wuya, sunan ne ya gagara. Ba ma'aikaciyar jinyar da za ta tsaya a layin asibitin Shika tana karanto wa kowa wannan doguwar jimla.

2/ Jiya da dare na kai maganar majalisarmu ta Tudun Wada. Kafin mai shayi ya gama fifita wuta an kawo guda uku: bibiya, bin diddigi, bin sawu. Wani matashi ya ce a kira ta ɗan sandan aljihu, aka kwashe da dariya.

3/ Bibiya ta yi sako-sako. Ana bibiyar fayil a ofis, ana bibiyar shiri a rediyo, saurayi ma yana bibiyar budurwa. Bin diddigi kuwa ya cika kaifi, don wanda ake bin diddiginsa laifinsa ake nema. Ka ce wa tsohuwa gwamnati na bin diddigin jikanta saboda tari, wallahi ta katanga za ta tsallakar da shi.

4/ Saura bin sawu, wanda shi ne ya fi kwanta min. Sai wani dattijo da ke zama da mu, mutumin ƙauyukan Giwa, ya aje kofinsa. Na ce, "Baba, me ka gani?" Ya ce a garinsu in an saci akuya cikin dare, da asuba ake kife sawun ɓarawo da ƙwarya don kada yara da kaji su tattake, sannan a aika a kira mai bin sawu. Shi kuma ya zo ya ɗaga ƙwaryar, ya durƙusa, ya duba zurfin dunduniya da bajewar yatsu, ya miƙe, gari ya bi bayansa har ƙofar gidan da sawun ya shiga. "Ɗana, ba a bin sawun mutumin kirki."
Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri Baba, ai ana bin sawun ɓatacciyar saniya ma."
Ya ce, "Ita saniyar an tambaye ta?"

5/ Na rasa ta cewa a lokacin, amma da na kwanta na ga amsar rabin maganar. Aikin gano masu cuɗanya ya girmi manhaja. Ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas da cutar Ebola. Ma'aikatan lafiya suka tattara sunayen mutum kusan 900 da ake jin sun yi cuɗanya da masu cutar, suna zuwa gida-gida da ma'aunin zafin jiki, kowa kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana Sawyer fita daga asibiti. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar. Wannan bin sawu ne na ƙafa da sallama a zaure, kuma ceton rai ne. A nan ba ni da ja: bin sawun cuɗanya.

6/ Matsalar tana wajen waya, domin Turawa suna ɗaya suka laƙaba wa abu biyu da ba su da kama. Ta farko tana tura bayananka zuwa rumbun gwamnati: lambarka, da wa ka haɗu, wata ma har inda ka taka, ta hanyar GPS. Ta biyu, wadda Apple da Google suka shimfiɗa tsarinta a Afrilun 2020 lokacin annobar korona, Bluetooth kawai take amfani da shi. Wayarka da ta wanda kuka zauna kusa a Keke Napep za su yi musayar wasu lambobi marasa suna da ke canzawa duk bayan 'yan mintuna, su tsaya cikin wayar kwana 14. In an gwada shi an samu cutar, shi da kansa zai saki lambobinsa, wayarka ta duba ta ce maka ka yi hattara. Ba ta san sunansa ba, balle ta faɗa maka. Su kansu kamfanonin daga baya sun cire kalmar bin sawu daga sunan tsarin, suka koma kiransa sanarwa.

7/ To ga inda maganar matashin nan ta daina zama abin dariya. Singafo ta fito da manhajarta TraceTogether a Maris 2020, aka tabbatar wa mutane cewa don annoba kaɗai za a taɓa bayanan. A Janairun 2021 gwamnati ta amsa a majalisa cewa 'yan sanda na da ikon karɓarsu, har ma an riga an nema a binciken wani kisa. Sai da aka yi ca, wata guda bayan haka aka yi dokar taƙaita abin ga manyan laifuka bakwai. Norway ta dakatar da tata a Yunin 2020 bayan hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ce kutsen ya wuce gona da iri. A Jamus ma 'yan sandan birnin Mainz sun nemo shaidu ta bayanan manhajar Luca. Ƙasashen da takarda ke da daraja ke nan fa.

8/ Mu kuwa tun Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, wato lambar waya ta zama suna da hoto da zanen yatsa. Dokar kare bayanai sai 2023 aka sa mata hannu. Ni tsorona ma bai kai Abuja ba, a bakin layi ya tsaya. Lokacin kullen korona a Kaduna, ma'aikata sanye da fararen kaya sun tsaya da mota a ƙofar wani maƙwabcinmu don kawai ya dawo daga tafiya. Gwaji ya nuna lafiyarsa ƙalau. Amma matarsa mai ƙosai sai da ta yi makonni tana mayar da ƙullu cikin gida, yaran unguwa suna ratsewa ta ɗaya gefen kwata. Ba waya a ciki, ido ne kawai da baki. Ku ƙiyasta a ce jerin sunaye ne ya faɗo zauren WhatsApp na unguwa.

9/ Don haka ba zan ba su suna ɗaya ba. Wadda ke kai rahoto ga hukuma, manhajar bin sawu, da duk nauyin da Baba ya ji a kalmar. Wanda zai sauke ta ya san abin da ya sauke. Wadda ke tsayawa cikin wayarka ta taɓa ka kawai, manhajar ankararwa. Na so gargaɗi, amma gargaɗi na sama ne ke yi wa na ƙasa, ga kuma ƙamshin barazana. Ankararwa kuwa ko yaro yana ankarar da kai cewa jakarka a buɗe take.

10/ Wani malamin Hausa a Kongo da na tura wa ya ce ankararwa ta yi tsawo a baki, ya fi son "tuni". Allah ya gafarta Malam, tuni sai abin da aka sani aka manta, wannan kuwa mutum bai taɓa sani ba. A garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, gaɓa huɗu ba za su gagare mu ba.

11/ Na sa su biyun a takardar. Layi na gaba kuma ga "privacy" tana jirana. Na rubuta sirri na goge, na rubuta rufin asiri na goge, don wannan na wanda yake da abin cefane ne. Yanzu "ba shiga" nake kallo, irin wanda ake rubutawa da gawayi a ƙofar gidan matan aure. Gobe da la'asar za a zo karɓar aikin, wanda yake da wadda ta fi ya ajiye min a ƙasa.