Tsohon Seiko 5 da kwalinsa, ya zan gane orijina ne?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar agogo ku taimaka min. Wani mutumi ne ya kawo min tsohon Seiko 5 yace na mahaifinsa ne marigayi, wai a Makka ya sayo shi lokacin da yaje aikin hajji 1978, har da kwalinsa da takardar garanti mai hatimin shago da kwanan wata na shekarar, kuma saboda kwalin da takardar ne ya tsuga kuɗi kusan ninki biyu. Agogon yana aiki, in ka girgiza shi sai ya tashi, ranakun ma da Larabci da Turanci suke fitowa. A marfin baya akwai 6309 sai wasu lambobi huɗu, sannan akwai wata lamba daban da ta fara da 9N. Ni dai raina ya biya sosai don irinsa babanmu yake ɗaurawa muna yara, amma bana so in sayi jabu. Me zan duba?

MaiGyaranAgogo:
Wa alaikumussalam. Malam ai lambar nan da ka kawo ta riga ta faɗa maka wani abu. Seiko a tsohon agogonsu lambar farko ta siriyal shekara ce, ta biyu kuma wata, 1 zuwa 9 Janairu zuwa Satumba, sai O da N da D na Oktoba, Nuwamba, Disamba. Injin 6309 kuma daga 1976 aka fara yinsa har wajen 1988, to kaga 9N ba ta da wata fassara sai Nuwamba 1979. Ta yaya za a sayar da agogo a 1978 alhali ba a ƙera shi ba sai ƙarshen 1979? Takardar nan ba tasa bace, ko ta wani agogon ce ko daga baya aka cike ta. Ka buɗe ta ka duba inda ake rubuta siriyal, nasan ko ba komai a wurin ko ba zata yi daidai da ta marfin ba.

Amma wannan bai nuna agogon jabu bane. Ka samu gilashin ƙara girma irin wanda muke maƙalawa a ido ka duba can ƙasan fuskar, gefen ƙarfe shida, akwai ɗan siririn rubutu, dole kaga 6309 a wurin shima. Lambobin da ke biye da ita ba lallai su zama irin na marfi ba, kar wannan ya ruɗe ka, huɗun farkon dai su zo ɗaya. Sannan 6309 masana'antar Seiko ta Suwa ce ta yi shi, alamarsu wata 'yar murɗaɗɗiya ce kamar guguwa, in kaga alamar walƙiya ta Daini ce, wata masana'antar Seiko ɗin daban, wato fuskar daga wani agogon aka ciro. Haka in marfin yace Water Proof akwai matsala, tun farkon shekarun 1970 suka koma rubuta Resistant.

Babban abu shine a buɗe baya. A jikin injin kansa zaka ga an zana 6309A da 17 jewels. In mai shi yaƙi yarda a buɗe a gabansa, ka haƙura kawai.

Ummu_Khalil:
Ni kayan gwanjo nake saye da sayarwa, kuma gaskiya ɗan uwa kar kwali ya ja ka. Kwalin agogo fanko sayar da shi ake yi shi kaɗai a eBay, har da takardun garanti da ba a cike ba, duk mai so ya saya ya haɗa. Kuma kwalin ba shi da siriyal ɗin agogo a jiki balle kace ga shaida, a da ma mai shago wanda hannunsa ya kai shi yake saka maka. Abin da nake yi in aka kawo min tsohon kaya shine in shinshina, kwalin da ya haura shekara arba'in a cikin adaka yana da warin ajiya, soson ciki ya fara ruɓewa yana zuba in ka danna da yatsa, takarda tayi ja ta gefe-gefe, inda aka naɗe ta ya yi laushi. In takarda ta tsufa amma tawadar biron tana nan shar kamar jiya aka rubuta to ka tsaya kayi tunani.

Ba lallai mutumin ƙarya yake ba fa, mai yiwuwa marigayin agogo biyu ya taɓa saya 'ya'yan suka tarar da kaya a haɗe. Allah ya jiƙansa.

Dan_Fagge:
Amin. Nagode ƙwarai Malam, nagode Hajiya. Na duba ƙasan fuskar da tocilan waya akwai 6309 ɗin, amma sarƙar ba a rubuta Seiko a maƙullinta ba, wannan fa?

Abu_Sadiq_Maradi:
Sarƙa ba komai bane, agogon da aka ɗaura shekara da shekaru da wuya ka same shi da sarƙarsa ta asali, sai dai ka rage masa kuɗi a kan haka. Ni abin da ya fi damuna fuskar ce. Akwai waɗanda masu tara agogo suke kira Mumbai special, daga Indiya suke fitowa, a tattaro inji daga nan, gida daga can, a sake wa fuska fenti mai ɗaukar ido, ja ko ruwan lemo ko kore, sai a manna tambarin 5 ɗin da gam. Injin na iya zama Seiko na gaske amma agogon a haka Seiko basu taɓa yinsa ba, kuma sun cika kasuwa wallahi abin yana ɓata min rai don masu son abin tsakani da Allah ake cuta. Ka rubuta cikakkiyar lambar marfin a Google, 6309 da huɗun da ke binta, ka kwatanta hotunan da naka. Fuskar asali rubutunta siriri ne tsaf ba ya yaɗuwa, kuma tsufan fuskar da na tsinkayen ya kamata ya zo ɗaya, ba fuska sabuwa fil tsinkaye duk sun dafe ba.

Sannan kar ka ji tsoro in ka murɗa maɓallin kaji baya cin wani, wato murɗawar ba ta tayar da shi, ko ka ja shi tsinken sakan bai tsaya ba, haka 6309 yake tun asali ba lalacewa bace.

MaiGyaranAgogo:
Hakane Alhaji. Ƙari ɗaya Malam Dan_Fagge, in zaku buɗe ku kai wa mai maɓuɗin marfi na gaskiya, marfin murɗawa ake yi, masu sa kurfi da guduma sun lalata agogo da yawa. Ku duba tsatsa a gefen inji da robar marfin, ka bar shi a hannunka kwana ɗaya kaga minti nawa yake gudu ko ja baya. In komai yayi daidai kayi cinikin agogo shi kaɗai, ka kuma cire kuɗin wanke inji da sabon mai a ciki, don tabbas zai buƙata. Kuma ka dinga cire shi in zaka yi alwala har sai an canza robar.